Yadda Ake Shirya Kai Kafin Biki: Tsifa, Rini, Kitso da Ado

Yawancin ɓarnar da ake yi wa gashi a rana ɗaya ake yin ta, wato ranar jajibiri. Mace ta tsefe kai da safe, ta wuce shago a sa mata rilaksa, kafin la'asar a ɗora rini a kai, da magariba kuma ta zauna gaban makitsiya a ja mata ƙananan kitso har fatar goshi ta ɗage. Washegari ta fito tsaf, kowa yana yabawa. Bayan sati uku, ranar tsifa, gashi ya riƙa biyo mataji, sai a ce bakin mutane ne, ko a ɗora wa ruwan unguwa laifi. Alhali kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan gashi yana iya ɗauka in an ba shi tazara. Haɗa masa su lokaci guda ne ba ya jurewa.

Saboda haka in kina da biki, ko suna, ko Sallah ta ƙarato, ki ware kwana 10. In kina sa rilaksa, ki ƙara sati biyu a kai, don ita za ki fara yi ki bar kai ya huta kafin a zo maganar rini. Tun ran gini tun ran zane.

Ranar farko: tsifa da wanki

Kada ki tsefe busasshen kai. Ki zuba ruwa a 'yar kwalbar feshi, ki ɗiga man zaitun ko man kwakwa, ki girgiza, ki fesa wa kitson har ya yi laushi. Daga jela ake fara tsifa a hau sama, kibiya tana buɗe saƙar ɗaya bayan ɗaya, ba a soka ta a tsakiya a fizgo. A gindin kowane layi za ki tarar da ɗan dunƙulen datti, mai da ƙura da gashin da ya riga ya tsinke. Nan ne wurin haƙuri. Ki sa yatsa ki warware shi kafin ruwa ya taɓa shi, domin in ya jiƙa a dunƙule sai ya ƙulle, daga nan sai almakashi.

Gashin da za ki gani a hannunki kada ya tayar miki da hankali nan take. Kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, kuma wanda ke cikin kitso ba ya samun hanyar faɗuwa, taruwa yake yi har ranar tsifa. Ki ɗauki sili kaɗan ki duba. Dogo mai ɗan farin kai a gindinsa, wannan lokacinsa ne ya yi. Guntaye marasa kai kuwa karyewa ce, kuma in sun yi yawa ki ajiye maganar rinin kanti a wannan karon. Sannan kada ki zubar da gashin tsifar. Ki tattara shi a leda, zai yi miki aiki jibi.

Ki kasa kan gida huɗu ko shida, ki tufke kowanne sako-sako, ki wanke su ɗaya-ɗaya. Fatar kai ake wankewa, da tafin yatsu, ba da farce ba. Kumfar da ta gangaro ta ishi sauran gashin. Sabulun wanki da omo ba na kai ba ne, komai maiƙon da ya taru. Bayan shamfu sai karkashi. Ki jiƙa cokali biyu ko uku a ruwan ɗumi har ya saki yauƙi, ki tace da rariya mai laushi don kada ɓurɓushi ya maƙale, ki shafe gashin da shi. Ban da kanwa, wannan ta miya ce. Da yauƙin a jiki za ki taje, da mataji mai faɗin haƙora, daga ƙarshe zuwa gindi. Har yau ban ga man kanti da ya fi karkashi sa mataji ya wuce salin-alin a gashinmu ba, ga shi kuma ba ya cin aljihu.

In rini za ki yi, kada ki lafta mai bayan wannan wankin. Mai yana hana launi kamawa, musamman lalle. Ki yi manyan kalaba shida ki bar shi ya bushe da iska.

Zaɓen launi

A nan ne mata suka fi yin asarar kuɗi, don hoton da ke jikin kwali suke saye. Wanda ya san rinin yadi ya san farin ƙyalle yana karɓar duk kalar da aka ba shi, baƙi kuwa ko an tsoma shi a ja, baƙi zai fito da ɗan ƙyalli. Haka gashi yake. Matar da ke jikin kwalin an fara kashe mata baƙin gashinta ne, ko kuma dama mai haske ne. Naki baƙi ne, don haka ki juya kwalin ki duba ɗan jadawalin da ke baya ko gefe, inda ake nuna yadda launin ke fita a kan baƙin gashi. Wannan ne gaskiyar abin da za ki samu.

Sai fata. Mun saba cewa wance baƙa ce, wance wankan tarwaɗa, wance fara, amma wannan rabin magana ne. A ƙarƙashin kowace fata akwai wani launi da take karkata gare shi. Wata baƙar tana ɗaukar ja-ja ko ruwan zinare, wata kuma tana karkata ga shuɗi-shuɗi. Farare ma haka, wata rawaya-rawaya ce, wata ja-ja. Gane naki ba wuya. Da hantsi, ki tsaya bakin taga ko a inuwar tsakar gida, fuska ba hoda, ki yafa farin mayafi ya rufe gashin gaba ɗaya. Ki kara sarƙar gwal a wuyanki, ki cire, ki kara ta azurfa. Wadda gwal ya haska mata fuska, launuka masu ɗumi ne nata: ruwan ƙasa mai ja, ruwan makuba, ruwan zuma, jan lalle. Wadda azurfa ta fi yi wa kyau, sai ta nemi ruwan zoɓo mai duhu, ruwan hanta, ko ruwan ƙasa mai duhu wanda ba ja a cikinsa. In duka biyun sun karɓe ki, kin huta. Kada ki yi wannan gwaji da dare ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, ƙarya yake yi wa fata. Ana kuma yawan cewa a duba launin jijiyar hannu, amma a fata mai duhu jijiyar ba ta fitowa yadda za a gane, kada ki ɓata lokacinki.

Akwai wata hanya da ta fi wannan sauƙi, kuma kayan aikinta suna cikin akwatinki. Ki fito da ɗankwalayenki da gyalulluka, ki ware waɗanda duk ranar da kika ɗaura sai an ce kin yi kyau. Ɗankwali a wurin gashi yake zama, shi ke kewaye fuska, don haka launin da ya karɓe ki a ɗankwali da wuya ya ƙi ki a gashi. Wadda maroon ke yi wa kyau ta riga ta san amsarta.

Ga 'yar'uwar da ke shafa man ƙara haske, ki auna da wuyanki da ƙirjinki, kada ki auna da fuska. Fuskar ta canza, kuma za ta sake canzawa, rini kuwa yana nan watanni.

Shawarata, kada ki yi nisa da launin da Allah ya ba ki fiye da mataki biyu. A kwalin rini lambobi suna tashi daga 1, baƙi wuluk, zuwa 10, mafi haske. Yawancinmu muna 1 ko 2 ne, don haka 3 da 4 su ne iyakar da za a kai ba tare da an wahalar da gashi ba. A shago kuma za ki ji masu gyaran kai suna kiran wasu lambobin daban, na jikin gashin kanti: 1B baƙi ne irin na halitta, 2 da 4 ruwan ƙasa mai duhu, 33 da 30 ruwan ƙasa mai ja, 99J ruwan zoɓo, 27 ruwan zuma, 613 kuma fari-fari irin na Turawa. Sanin su yana taimaka miki ki faɗi abin da kike so a gane. Baƙar mace mai ɗaukar ja, 33 yana yi mata kyau ƙwarai, 99J kuma ga mai karkata ga shuɗi. Wankan tarwaɗa tana da faɗin zaɓi, daga 4 har 30. Fara tana iya ɗaukar 27, amma ni na fi son in ga an ratsa shi a wasu silalla ko a jela, ba a rine kai duka ba, don in gashi da fata suka zo kusa da juna a haske sai fuskar ta dusashe. Shi kuwa 613, ba a isa gare shi daga baƙi sai an yi bilicin sau biyu ko fiye, kuma gashinmu mai lanƙwasa yana biyan farashi mai tsada.

Mai furfura kuma hankalinta yakan tafi ga baƙi wuluk. Baƙin da ya wuce kima yana fito da kowane layi da ke fuska, ga shi da zarar sabon gashi ya tsiro farin gindin sai ya yi ɓaro-ɓaro. Ruwan ƙasa mai duhu ya fi rufa asiri. Ta fuskar addini ma, akwai hadisin da Muslim ya ruwaito game da furfurar Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, ranar buɗe Makka, inda aka yi umarni a canza ta amma a nisanci baƙi, wanda ya sa malamai suka yi saɓani tsakanin haramci da karhanci. Rini da lalle kuwa an yabe shi.

Gwaji biyu kafin ki taɓa kai

Na farko na fata ne, kuma a ranar tsifa za ki yi shi. Ki kwaɓa ɗan kaɗan daga rinin, ki shafa a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, ki jira awa 48. Ƙaiƙayi, kumburi, ja ko ƙuraje, kowanne ya bayyana, wannan rinin ba naki ba ne. Ko kin taɓa amfani da shi ki sake gwadawa, don jiki yana iya juya wa abu baya daga baya. Musamman wadda dayis ya taɓa yi wa ƙuraje a hannu lokacin ƙunshi, ta yi hattara sosai. Sinadarin da ke cikinsa, PPD, shi ne a yawancin rinin gashi mai duhu, kuma a fatar kai yana iya kumbura fuska har ido ya rufe.

Na biyu na gashi ne. Ki ɗauko gashin tsifar nan, ki wanke shi, ki busar, ki shafa masa rinin, ki bar shi daidai lokacin da za ki bar shi a kanki. Ki wanke, ki fita rana ki duba. Ki kuma ja shi a hankali tsakanin yatsu. In ya tsinke da sauƙi ko ya yi danƙo, kin tsira da kanki.

Rana ta uku: in lalle ne

Lalle na fi ba mace shawara ta fara da shi, amma ki san halinsa. Ba ya haska gashi ko kaɗan. A baƙin gashi, ja ne mai zurfi da ba a gani sai rana ta doke shi ko an zauna kusa da fitila. A furfura kuwa ruwan goro yake fitarwa, mai haske a karon farko, yana ƙara duhu in an maimaita. Kuma in ya kama ya kama ke nan, ba ya wankuwa, sai dai sabon gashi ya ture shi.

Ki nemi garin ganye zalla, kore, mai ƙamshin ciyawa. Wanda ya koma ruwan ƙasa ya tsufa. Ki guji na ƙulli ko na kwali da aka rubuta baƙin lalle, ko wanda aka ce yana kamawa cikin minti 10, domin lalle na gaskiya ba baƙi ba ne kuma ba ya sauri. Wasu irin waɗannan ana haɗa su da gishirin ƙarfe, wanda in ya gamu da rinin kanti daga baya yana iya ƙona gashi. Duk abin da ake ƙara wa lallen ƙafa don ya yi baƙi, su nishadar da kananzir, kada ya kusanci kai.

Gajeren gashi giram 100 ya ishe shi, wanda ya taɓo kafaɗa kuma kamar 200, mai cika ta ƙara. Ki tankaɗe shi sau biyu, don ƙaiƙayin ganye in ya shiga gashinmu fitar da shi aiki ne. Ki kwaɓa da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, ko da ruwan shayi da ya huce, a roba ko tangaran. Ki matsa rabin lemun tsami, kada ki wuce haka don tsami yana busar da gashi. Kaurinsa ya zama yana zuba daga cokali a hankali, ba ya ɗiga. Ki rufe da leda ta manne da samansa, ki ajiye. Lokacin zafi awa uku zuwa huɗu ya isa ya saki launi, da hunturu kuwa sai ki kwaɓa da dare ki yi aiki da safe. In kina son tabbatarwa, ki ɗiga a tafin hannu, ki goge bayan minti biyar. Ya bar ruwan goro, to ya nuna.

Ki shafa basilin a goshi da kunnuwa da ƙeya, ki sa safar hannu da tsohuwar riga. Ki riƙa ɗibar gashi kaɗan-kaɗan daga ƙeya, kina cika shi da lalle tun daga gindi, kamar dai ba ki tausayin lallen. Mai furfura ta fara da gaban goshi da gefen kunne, inda suka fi taurin kai. In kin gama ki tattara shi a tsakiya, ki rufe da leda, ki ɗaura tsohon ɗankwali. Lalle yana aiki ne muddin yana da danshi, da ya bushe ya tsaya. Awa biyu zuwa huɗu. Kwana da shi ba ya ƙara wani abin kirki sai ciwon wuya.

Wajen wankewa, ruwa zalla da farko, mai yawa, har ya fara fita garau. Sai ki bi da karkashi ko kwandishina don sauran garin ya sulale. Shamfu ki bari sai bayan kwana biyu. Launin da kika gani a ranar ba shi ne na ƙarshe ba, yana ƙara nuna cikin kwana biyu zuwa uku, shi ya sa ba a yanke masa hukunci da wuri. Za ki ji gashin ya ɗan yi tauri. Man kaɗanya da aka narkar a tafin hannu, a shafa gashi yana da ɗan danshi, zai dawo da shi.

Wadda ba ta son ja a furfurarta sai ta haɗa da garin ganyen baba. Shi ba a barinsa ya kwana, ana kwaɓa shi da ruwan ɗumi a yi amfani da shi cikin minti 15. In kika gauraya shi rabi da rabi da lallen da ya riga ya nuna, ruwan ƙasa za ki samu, in baba ya rinjaya ya ƙara duhu. Ganyen ake nufi, ba shunin karofi ba, wanda aka haɗa da toka don rinin tufafi. Sannan kada a sa wa jarirai da ƙananan yara lalle, domin yaron da ke da ƙarancin sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, lalle yana iya farfasa masa jini.

In rinin kanti ne

Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Iri biyu ne. Akwai na shafawa kai tsaye, wanda ba a haɗa shi da komai, yana zama a bayan sili ya kuma fita a hankali bayan wanki da dama. Wannan shi ya dace da mai rilaksa da mai gwada launi karon farko. Akwai kuma mai zuwa da kwalbar ruwan haɗi, difelofa, wanda ke buɗe sili ya canza launin ciki. Lambar da ke jikin kwalbar ƙarfinta ne: 10 ajiye launi kawai take yi, 20 tana rufe furfura ta haska mataki ɗaya ko biyu, 30 ta fi haka. A gida kada ki wuce 20. Lamba 40 da hodar bilicin aikin wadda ta ƙware ne, kuma ko a wurinta ban yarda a ɗora su kan gashin da ke da rilaksa ba.

Ki haɗa daidai yadda takardar ta ce, a roba, a wuri mai iska. In haskawa kike yi, ki fara da tsakiyar gashi zuwa jela, gindin ya zo ƙarshe, saboda ɗumin fatar kai yana sa shi saurin kamawa. In furfura kike rufewa, gindi ne farko. Ki sa agogo, kada ki ƙara minti ko ɗaya a kan abin da aka rubuta. Kika ji zafi kamar wuta, wanke nan take. Karo na gaba sabon tsiro kawai za ki rina, wanda ke fitowa kimanin santimita ɗaya a wata, ba a maimaita wa tsohon. Mai juna biyu ta tambaya a wurin awo kafin ta yi.

Daga nan ki bar kai ya huta kwana uku ko huɗu cikin manyan kalaba, kina shafa mai.

Kitso: saura kwana biyu ko uku

Wannan tazarar tana ba kitso damar sakin jiki, ke ma fuskarki ta sauka kafin ranar taro. Ki je da matajinki da kibiyarki da manki, kai a wanke a bushe a taje. Kwarkwata da makero ta mataji suke yawo gida-gida.

Zaɓen kitso da fuska yake tafiya. Mai zagayayyar fuska shuku ne nata, ko duk wanda ya tattara sama, don yana ƙara mata tsayi. Tsohon kitson doka na iyayenmu ma aikin da yake yi ke nan. Mai doguwar fuska kuma shuku ƙara mata tsawo yake yi, gara tsaga a gefe, ko kalaba da ke zubowa ta kunnuwa. Mai faɗin goshi ta guji zane miƙaƙƙe zuwa baya, ta sa a karkato layukan gaba su kwanto ta gefe ɗaya. In kin yi rini a jela, kalaba da shuku su ke nuna shi. In jan lalle ne, ƙananan zane suna kama haske fiye da manya. Ki tuna kuma da abin da za ki ɗaura. Gwaggwaro yana son kitso kwantacce da ya taru a ƙeya, shuku mai tsini yana hana shi zama.

Maganar da na fi so ki riƙe ita ce ta gaban goshi. Gashin wurin shi ne mafi rauni a kai, kuma shi ake fi ja don kitso ya fito tas. Tun kafin a fara ki ce, Yaya, don Allah a sassauta mini hannu a gaba, ƙananan nan a bar su. In ta ce ki daure, kitso sai da zafi, ki sake faɗa cikin ladabi, kanki ne. Alamomin an ja da yawa ba ɓoyayyu ba ne: gira ta ɗage, fata ta yi tudu tsakanin layuka, kin kasa sa goshi a ƙasa wajen sujada, ko kin nemi maganin ciwon kai. In washegari kika ga ƙananan ƙuraje a gindin layin gaba, ki tsefe waɗannan layukan ko da kuɗin ya tafi. Ja na shekara da shekaru yana kashe saiwar gashi, kuma wurin da ya yi sumul yana sheƙi ba man da ke tsirar da shi. Ki riƙa sauya fasali, in wannan karon an ja baya, na gaba a kwantar gefe, tsagar ma ta canza wuri.

Game da ƙarin gashi, hadisin da ya hana yana cikin Buhari da Muslim, malamai da dama kuma sun sassauta a kan zare da ulu da kowa ya gani ya san ba gashi ba ne. Ki tambayi malaminki. Abin da zan ƙara ta fuskar lafiya shi ne nauyi. Duk abin da aka rataya wa ɗan siririn gashi, saiwarsa ce ke ɗauka. Mai jego da gashinta ke zuba wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, manyan zane marasa ja su ne nata har ya tsaya.

Kayan ado

Kaɗan ya fi. Ki zaɓi abu ɗaya ya yi magana, ko duwatsu a jelar kalaba, ko 'yan zobban gwal da ake maƙalawa a zane, ko wuri, ko kilif ɗaya mai kyau a gindin shuku. Gwajin gwal da azurfar nan da kika yi shi zai raba miki gardama, sannan ya dace da ɗankunne da sarƙa. Jan lalle da ruwan makuba gwal da murjani suke so, ruwan zoɓo kuma azurfa da fararen duwatsu. Matan Fulani da ke jera azurfa da duwatsu a kitso, in kin lura, a kan kitso mai kauri suke ɗora su, ba a kan ƙananan gaba ba. Ki yi koyi da wannan. Ga yara ma, duwatsu uku ko huɗu a jela sun isa.

Robar ƙulla kuɗi ba ta gashi ba ce, tana yanka shi. Ki nemi ribom mai rufin yadi, wanda ba ƙarfe a mahaɗinsa. Fil ɗin da ɗan ƙwallon bakinsa ya fita ki yar, yana karce fata. Amarya ta tabbatar cikin saƙar kitso ake soka fil ɗin kayan kai, kuma ta gwada gwaggwaron kwana ɗaya kafin, ta zauna da shi rabin awa ta ji ko yana matse jijiya. Acuci kuwa, ban da maganar da malamai suke yi a kansa, nauyinsa baya yake jan gashi yini guda.

Tunda kanmu a rufe yake wuni, abin da ke taɓa gashi kai tsaye ya fi duk wani ado muhimmanci. Atamfa da hular auduga suna tsotse mai, suna kuma goge gaban goshi. Ki sa hular satin ko siliki a ciki, wadda robarta ba ta kama layin gashi, sannan ki ɗora ɗankwali. Ƙullin kada ya riƙa zama wuri ɗaya kullum. Jiƙaƙƙen kai ba a rufe shi da hijabi, daga nan wari da amosani suke farawa, don haka bayan wanka ki matse kitson da tsohuwar riga mai laushi, ki ba shi iska. In za ki turara kai, ki nisanta kasko, hayaƙin ake so ba zafin ba, humra kuma a jikin ɗankwali, ba a fatar kai ba.

Bayan biki

Duk kwana biyu ki fesa ruwa kaɗan, ki bi tsaga da mai a ɗan yatsa. Da hunturu kullum, kuma man kaɗanya ya fi mai ruwa-ruwa riƙe danshi a wannan iskar. Ki kwana da hular satin. Zane na gashinki ya yi sati biyu zuwa uku, ƙananan kalaba kada su wuce sati shida, kuma tsakanin tsifa da sabon kitso ki ba kai kwana biyu ko uku. Lalle ana iya maimaita shi a gindi duk bayan sati huɗu zuwa shida, rinin kanti sati shida zuwa takwas, rilaksa kuwa kada ta yi ƙasa da sati takwas, kuma kar su haɗu a sati ɗaya. In kika ga gaba yana ja baya duk da kin sassauta kitso, ko wani wuri ya kwashe a zagaye, ko zubar ta zo tare da kasala da jiri, ki je asibiti a duba fatar kai a kuma auna jini, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo duk suna zubar da gashi.